Littafin da Kakata Za Ta Ji

A shekarun da nake koyarwa a firamare a Kafanchan, bayan yaƙin basasa ya ƙare an shiga hidimar buɗe makarantu ko'ina, ina da Littafi Mai Tsarki iri uku, amma babu wanda na zauna da shi lafiya. Halina ne. Tun ina ƙarama Mama take cewa ƙafafuna ƙaiƙayi suke yi, ashe idanuna ma haka.

Na farko shi ne tsohon juyin Hausa da na gada wurin babana. Bangonsa baƙi, gefensa ya yi ja saboda ƙasa, in ka buɗe shi warin hayaƙin ɗakinmu na ƙauye zai fara gaishe ka kafin aya. Hausar cikinsa mai nauyi ce, ba irin tamu ta kasuwar Kafanchan ba. Wani wurin sai na karanta sau biyu in ce, to, wannan kam sai Bakano. Na biyu na Turanci ne da aka ba mu a kwalejin horon malamai, tsohon Turanci mai taƙama, wanda ko Turawan da suka koyar da mu ban taɓa jin sun yi wa kukunsu magana da shi ba. Na uku ɗan ƙaramin Sabon Alkawari ne na Turanci mai sauƙi, da 'yan zane-zane a ciki. Shi kam ina gane shi sarai, kuma abin da ya sa ban yarda da shi ba ke nan. Gani nake maganar Allah ba za ta zo da arha haka ba.

Da safe kafin in tafi makaranta sai in baje su a kan tabarma, in karanta aya ɗaya nan, in duba ta can, in koma ta farko. Kafin in yanke shawarar wanda ya fi faɗin gaskiya, kunu ya huce, jirgin ƙasa na safe ya yi kuka, addu'ar ma ban yi ba. Maigidana ma'aikacin reluwe ne, mutum mai sanyin hali har ya ba ka haushi. Shi littafinsa ɗaya, waƙarsa ɗaya, kujerarsa a majami'a ɗaya. Yakan tsallake littattafan ya ce, "Malama, Allah ɗaya ne fa. Kai ka tara masa baki uku, yaya zai yi maka magana?" Mu a nan ba ruwanmu da ka da ki, kowa ka ne. Sai in ce masa ya je ya kula da jiragensa da ba sa zuwa kan lokaci.

Da abin ya tsaya nan, da wasa ne. Maganar Mama ce ta mai da shi ba wasa ba.

Mama tana ƙauyenmu, a gindin dutse, gaba da Manchok kaɗan. Babana ya karɓi bishara tun yana saurayi, ya yi baftisma, ya rasu a cikinta. Mama ta bi shi majami'a duk tsawon zamansu, ta iya waƙoƙi, tana shara ranar Asabar tare da zumuntar mata, amma ba ta taɓa shiga ruwan baftisma ba. Kowa ya san dalili, ba mai faɗi. A gidan su Mama, in an yanke sabuwar acca aka tuƙa tuwon farko, ba wanda zai kai hannu sai an yanki loma an ajiye a gindin rumbu, an kira uwar da ta rasu an ce ta ci. 'Ya mace ce take yi wa uwarta. Kakata ta yi wa tata uwar, Mama kuma tana yi wa kakata, wadda ta rasu a kan dutse tun mai bishara bai hau can ba. Babana yakan ɗauki fartanya ya tafi gona a ranar, don kada ya gani.

A shekarar da nake ba da labari, tsufa ya fara taɓa Mama, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi gajere. Sai ga saƙo wai ta shiga ajin baftisma. Na yi murna har na yi rawa a tsakar gida. Na hau jirgi ranar Asabar na tafi in yi mata barka. Na same ta tana tsince gyaɗa, fuskarta ba ta mai karɓar barka ba.

Da yarenmu muke magana, don Hausar Mama ta cefane ce da waƙa. Ta ce dattawan ikilisiya sun gaya mata sharaɗi: kafin ta shiga ruwa sai ta bar ajiye loma. Za a yi baftisma bayan an gama girbi, acca kuwa ga ta ta fara sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ke kin yi karatu. An ce littattafanki sun fi na Fasto yawa. Ki duba mini. In na bari, wa zai ba uwata abinci?"

Na ce, "Mama, ai kaji ne suke cinye lomar nan."

Ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya zo yana gaya wa babba cewa wuta da zafi. Ta ce, "Na sani. In kun kai dawa gaban majami'a ranar godiya, Allah ne yake zuwa da buhu?"

Ta ci gaba da tsince gyaɗarta, ta ce ba gardama take nema ba. In littafi ya ce uwarta tana wurin da ake ƙoshi, za ta bari da farin ciki. In bai ce ba, ita ba ta san yadda mutum zai shiga ruwa ya fito da tsabta ya bar uwarsa da yunwa ba. Na ce ta ba ni lokaci. Na faɗa da ƙarfin gwiwa kuwa, don a lokacin na ɗauka babu tambayar da ba ta da aya.

Allura ta tono garma. Na koma Kafanchan na zama kamar kazar da take neman wurin yin ƙwai. Ina cikin aji ina koyar da lissafi, hankalina yana gindin rumbu. In an tashi makaranta ba na bin hanyar gida, sai in ratsa kasuwa in tsallaka layin dogo in nufi kantin littattafai na mishan. Mai tsaron kantin wani dattijo ne mutumin wajen Zangon Kataf, mai tabarau ɗaure da zare. Yana hango ni sai ya fara dariya.

"Malama, ka dawo kuma? Wancan da ka ɗauka bai yi ba?"

Na ce masa ina neman littafin da zai nuna mini inda aka yi maganar abu, ba sai na bi shafi-shafi ba. Ya ce, "A'a, konkodans kake so." Ya shiga ciki ya rungumo wani ƙaton littafi kamar zai ɗauki turmi. Aikinsa shi ne, in ka ba shi kalma ɗaya, sai ya jero maka duk ayoyin da ta fito. Na sayarwa babu, wannan na kanti ne, amma ya yarda in riƙa zama a kan benci ina dubawa. Na ce abin nema ya samu.

Ashe da sauran rina a kaba. Littafin da Turanci yake, kuma da tsohon Turancin nan mai taƙama aka ɗaure shi. Tambayar Mama kuwa da yarenmu ta zo. Sai na juya ta zuwa Hausa a kaina, in juya Hausar zuwa Turanci, in tsinci kalma ɗaya in ba littafin. Na ba shi uwa, ya zubo mini ayoyi birjik. Na ba shi yunwa, na ba shi kabari, na ba shi matattu, na ba shi gurasa tun da ba shi da tuwo. Kowace aya in duba ta a Turanci, in zo gida in duba ta a Hausar babana, in leƙa ɗan ƙaramin in ga ko ya sassauta. Kafin in dawo da ita yarenmu ta rame a hanya, ba ta kama da abin da Mama ta tambaya.

Dattijon ya ga wahalata ya ƙara mini da littafin sharhi, wanda wani Bature ya rubuta yana bayyana ayoyi ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya san abubuwa, ba zan ci amanarsa ba. Ya san nisan wannan gari da wancan, ya san irin itacen da aka yi ƙofar haikali da shi. Amma duk inda muka matso kusa da tambayata, sai ya ɗage riga ya tsallake kamar mai ƙetare kwata. Na yi fushi da shi ƙwarai, har na rufe littafin da ƙarfi dattijon ya ɗago kai. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Mutum bai taɓa ganin rumbu ba, yaya zai san abin da ake ajiyewa a gindinsa?

Har jita-jita na bi. Ana ta cewa akwai sabon juyin Hausa da ake shiryawa, mai sauƙi, irin wanda kowa zai gane. Na sa rai a kansa kamar shi ne zai zo da abin da sauran suka ɓoye. Duk zuwa sai na tambaya. Dattijon ya ce, "Malama, yana hanya. Amma in ya zo ma, riga ne aka canja, mutumin ciki shi ne dai." Na ji haushin maganar, don na san gaskiya ce.

Wata rana da yamma, a kan bencin nan, na faɗa kan wani wuri can kusa da ƙarshen Littafin. Ana maganar wani babban taro, mutane daga kowace kabila da kowane harshe, kuma an ce yunwa ta ƙare musu. Murna ta kama ni. Kowane harshe! Ai namu yana ciki ke nan. Na taho gida kusan da gudu, na baje ukun, duka bakinsu ɗaya. Sai na koma sama kaɗan in ga su wane ne mutanen. Nan murnata ta tsaya. An faɗi ko su wane ne, masu bi ne da aka wanke, kuma ban ga ta inda zan shigar da tsohuwar da ta mutu a kan dutse ba ta taɓa jin sunan Yesu ba. Ba a ce tana ciki ba. Ba a kuma kira ta an ce ba ta ciki ba. Na juya Hausa, na juya Turanci babba da ƙarami, ko ɗaya bai ƙara mini ko tsinke ba.

Na kai maganar wurin fastonmu na Kafanchan, dattijo ne da ya san babana. Na zaci zai buɗe wani shafi da ban sani ba. Ya saurare ni har na gama, yana shafa gwiwa.

Ya ce, "'Yata, nawa uwan ma a kan dutse ya mutu."

Na ce, "To, Baba Fasto, me zan gaya mata?"

Ya ce, "Allah ba azzalumi ba ne, wannan na sani. Amma abin da bai faɗa ba, kada ka sa masa a baki. Kuma loma ɗin, gaskiya sai Mamanka ya bari. Ba zan ruɗe ka ba."

Na fito ina jin kamar in yi ihu. Na so ya yi mini faɗa, ko ya ba ni aya, ko ya ce ba kome. Bai yi ko ɗaya ba, ya bar ni da kayana.

Saƙo ya zo cewa an yanke acca. Na zuba littattafan uku a jaka na hau jirgi. Tun daga Kafanchan har muka wuce Kagoro abu ɗaya nake juyawa. Mama ba ta karatu. Ni ce idonta, ni ce tafintanta. In na karanta mata wurin taron nan na tsallake inda aka faɗi ko su wane ne, na tsaya daidai inda yunwa ta ƙare, na rufe littafi, wa zai sani? Za ta shiga ruwa da kwanciyar rai, ni ma in huta. Na shirya maganar tsaf da yarenmu, har da inda zan yi murmushi. Ina son baftismar nan, ba zan ɓoye ba. Ina tsoron Mama ta mutu a bakin ƙofa, ba ciki ba waje.

Na iso da hantsi. An riga an sussuke accar, an surfa, tukunya tana kan murhu. Mama ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbu, ta zauna ta miƙe ƙafarta mai kumburi, ta dubi jakar.

Ta ce, "Kin samo?"

Duk abin da na shirya a jirgi ya tsere. Wannan matar ita ta koya mini magana, ta san yadda bakina yake yi in zai kauce. Na karanta mata wurin, na juya mata shi duka, da na sama da na ƙasa. Sannan na ce, "Mama, na duba iyakar dubawata. Ba a faɗi inda take ba."

"Duka ukun?"

"Duka ukun. Da wasu manya biyu da na baro a kanti."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi mamaki ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta ɗauki littafin babana ta shinshina, ta ajiye. Ta ɗaga na kwaleji ta auna nauyinsa a hannu. Ta buɗe ƙaramin ta kalli zanen wani mutum da tumaki. Can ta ce, "Ke fa? In na mutu, za ki ajiye mini?"

Ban taɓa tsammanin tambayar ba, ko da yake tun farko tana nan zaune a gabana. 'Ya mace ce take yi wa uwarta, ni ce kuwa 'yarta mace kaɗai. Na ce, "Mama, ba zan iya ba."

Ta ce, "Na sani. Tun ranar da kika shiga ruwa na sani." Sannan ta ce, "Kin ga inda nake. Uwata tana baya, ke kina gaba. In na tsaya wurinta, ke kin tafi inda ba zan same ki ba. In na bi ki, na bar ta."

Na fara cewa wani abu game da sabon juyi da yake hanya, ko me nake nufi oho. Ta ɗaga mini hannu. Ta tashi da ƙyar ta shiga madafa, na ji tana tuƙi. Da ta fito ba loma ta yanko ba. Ƙwarya guda ta ciko da tuwo, ta zuba miyar karkashi a kai har tana zuba ta gefe, ta kawo gindin rumbu ta durƙusa.

Ta ce, "Zo ki karanta mata wurin nan, ta ji inda za ni. Wanne ne a cikinsu yake jin yarenmu? Uwata ba ta jin Hausa."

Na dubi littattafaina a kan tabarma. Na yi shekaru ina auna su, wanne ya fi daidai, wanne ya fi zurfi, wanne ya fi sauƙi, ban taɓa tambayar wanne ne zai iya gaida kakata ba. Na ce, "Babu, Mama."

Ta ce, "To, ke ki faɗa mata."

Na ɗauki na babana, don hannuna yana bukatar abin riƙewa. Na durƙusa kusa da ita a gaban ƙwaryar tuwo, ni malamar makaranta mai koyar da yara a Lahadi, ina waiwaye kada wani dattijon ikilisiya ya leƙo ta kan danga. Ban kira kakata ba, wannan kam ban yi ba. Na dai buɗe baki na faɗi abin da ke shafin da yarenmu, da ƙarfi yadda duk mai kunne a wurin zai ji. Na yi ta tuntuɓe. Wasu kalmomin ba mu da su, sai na kewaya. Sau biyu Mama tana gyara mini, ta ce ba haka ake faɗa wa babba ba. Da na zo wurin da yunwa ta ƙare, sai da na maimaita.

Sannan Mama ta yi magana da uwarta, a hankali, kamar suna zaune a tabarma ɗaya.

Ta ce, "Kin ji. Wannan shi ne na ƙarshe, shi ya sa na cika. Ki ci ki ƙoshi. Ba fushi na yi ba, ba kuma mantawa na yi ba. Yarinyar nan ta bi wata hanya, ni kuma ba zan iya barinta ta tafi ita kaɗai ba, ke ma da ba ki bar ni ba. Littattafanta ba su san inda kike ba. In na isa, zan tambayi mai wurin da bakina."

Ta dafa rumbu ta miƙe. Kaji suka taso, ba ta kore su ba, ba ta kuma waiwaya ba.

An yi mata baftisma a rafin da ke ƙasan ƙauye bayan an gama girbi. Zumuntar mata suka yi ta guɗa, ni ma na yi, ina yi ina kuka, kowa ya ɗauka na murna ne kawai. Da accar shekara ta gaba ta nuna ina can. Ta tuƙa tuwo, ta raba, ta kai lomar farko bakinta ta haɗiye, idonta a kan bango. Damina biyu ta ƙara a duniya.

Sabon juyin Hausa ya fito daga baya. Na saya, kuma shi nake karantawa har yanzu, don ya fi kusa da bakina. Amma ranar da na kawo shi gida, kafin in zauna, wurin nan na fara buɗewa. Dattijon kanti bai yi ƙarya ba.

A shekarar da Mama ta rasu, wata 'yar'uwa ta aiko mini da sabuwar acca daga ƙauye. Na tuƙa a gidanmu na kwatas ɗin reluwe, inda babu rumbu, babu ko danga, sai siminti da igiyar shanya. Na zuba wa kowa, na zauna, na yanki loma. Sai hannuna ya tsaya. Na san inda Littafin ya ce Mama take, duk juyin da na duba sun yarda a kan wannan, ba ta bukatar kome daga hannuna. Abin da ban sani ba shi ne ko ta yi tambayar, da abin da aka ce mata.

Maigidana ya dube ni ya ce, "Malama, ci mana, zai huce."

Na ce ya bari ya huce. Har yau, in sabuwar acca ta zo, lomar farko a huce nake cinta.